Allurar da Ta Ƙi Ci

Mijina maƙeri ne a Makera, ana gab da samun mulkin kai. Ƙarfe ya ƙona masa ƙafa, wurin ya ɗuri ruwa, aka rubuta masa allurar fenisilin ta mako guda. Kwana uku kumburin ya sace. Na ce, "Malam, ka warke kana zaryar asibiti? Ai kiran ciwo ne." Ya daina zuwa.

Da gyambon ya dawo, allurar nan ta ƙi ci. Ma'aikacin asibiti ya ce ƙwayoyin cutar sun saba da maganin. Sun saba? Abin da ido ba ya gani, yaushe ya yi wayo? Har yau ban gane ba. Na dai san sandar da mijina ya dogara har ya rasu, bakina ne ya ba shi ita.