Sitarnin da Yakuba ya ƙi liƙewa

Duk Yamai ba wanda ya kai Yakuba mai walda zagin masu ɗauke wuta. Garejinsa yana bakin hanyar Saga, kuma ko kana cikin gonakin shinkafa, in wuta ta tafi sai ka ji bakinsa. Daga Dogon Dutsi ya zo tun yana saurayi. Kunnensa na hagu ya mutu ranar da wani tanki ya fashe da shi, shi ya sa in ka zo karɓar aikin da bai gama ba, wannan kunnen yake juyo maka.

Sana'arsa liƙin sitarni, manyan motocin nan masu dakon mai. Kafin ya kai wuta jikin ƙarfe sai an wanke cikin tas, sannan ya sauka ta bakin sama, ya sa a rufe. A cikin duhun, duk inda haske ya leƙo, nan ramin yake.

Da 'yan bindiga suka tare hanyoyin Mali, mai ya yi wuya a can har Bamako ta koma tafiyar ƙafa, sai motocinmu suka shiga kai musu cikin rakiyar soja. Wata ranar Talata aka jawo wata sitarni garejin. Direbanta, Zubairu, bai dawo da ita ba. Takalminsa ɗaya yana ƙarƙashin kujera, kuma ba wanda ya yarda ya taɓa.

Yakuba ya shiga da rana tsaka. Haske ta ko'ina, kamar rariya, duk aikin harsashi. Yana bin ramukan da alli sai ya ga wani ɗigon haske a ƙirjinsa. Ya matsa, ɗigon ya biyo shi. Ya lalubi ƙarfen da tafin hannu, sumul. Sannan ya ji wani ya yi gyaran murya, kusa, kuma ta kunnen da ya mutu.

Ya fito yana zufa, ya tarar da ƙanensa Abdou yana kaɗa makulli a yatsa.

"Yaya, ka yi sauri mana. Alhaji mai motar ya ce in ka gama ni zan ja ta."

"Kai? Kai da amai ke kama ka a kwalekwale?"

"Wata nawa ina zaune, Yaya? Matata Salima ta fara ce mini kujerar gida."

Tun daga ranar Yakuba ya canza. In wuta ta tafi sai ka ji ya ce alhamdulillahi a hankali. Tela yana kuka, mai ƙanƙara yana kwasar ruwa, shi kuwa ya miƙe ƙafa. Alhaji mai motar ya zo, ya ce, "Malam Yakuba, ga injin gurup can, ka tayar mana ya ba ka wuta."

"Da wane man gazuwal, ranka ya daɗe? Da miyau?"

In kuma wutar ta zo, sai wayar injin walda ta ɓace, ko tabarau ya yi ƙafa. A lissafinsa, muddin motar tana nan da ramukanta, Abdou ma yana nan.

Abin da bai shigo kansa ba, Alhaji ba mota ɗaya gare shi ba. Wata safiya Salima ta zo da kwanon fura, ta ce ai maigidan ya tashi tun jiya da wata sitarni, tsohuwa, mai taya kamar kan jariri.

"Ya ce kada a faɗa maka, Yaya, za ka yi faɗa."

Yakuba bai taɓa ganin motar ba, balle ya duba mata birki. Ya kira lambar Abdou. Ta yi ta ringi. Can aka ɗauka, ba wanda ya yi magana, sai iska da wani amo mai zurfi irin na cikin tankin da ba kowa.

"Abdou? Kai, bar wasan banza."

Salima tana kallon bakinsa. Ya mayar da wayar kunnen da ya mutu, ya ce mata rezon waya ne ba kyau, ta je gida.