Intanet a Cikin Akwatin Aurena

Mu biyar ne a tsakar gida ran nan, a Bungudu. Akwai kakata Iya Dije, mahaifiyar babanmu, zaune bisa turmin da ta kifar. Akwai Gwaggo Mairo tana kaɗi, sai Yaya Balki, sai ni Kulu, lokacin ko ɗankwali ban iya ɗaurawa ba. Ta biyar ɗin ba 'yar gida ba ce. Lanti ce, matar maƙwabcinmu, ta shigo da tsingaro a hannu ɗibar wuta.

A zamanin nan ba kowa ke da ashana ba. In wutarki ta mutu sai ki leƙa maƙwabta a zuba miki garwashi biyu. Ita Lanti kullum tata a mace take. Ni kuwa tun ina ƙarama Allah ya yi ni da sa ido, na san yawan kajin gida, na san wanda ya taɓa ƙwaryar gero. Tana duƙawa bakin murhu na ce, yadda kowa zai ji, "Matar ga sai ta ƙarar muna da wuta."

Gwaggo Mairo ta ɗaga hannu za ta make ni. Iya Dije ta ce, "Ƙyale ta. Lanti, aje tsingaronki ki zamna, ba ki tahiya sai kin ji tatsuniya."

Haka take, ba duka ba zagi. In kin yi laifi da rana, da an ci tuwo an ƙara kara a wuta za ki ji kanki a cikin labari, an liƙa miki wutsiya.

Ta gyara zama ta ce, "Ga wata baƙuwa nan tahe."

Muka ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

Wai a wani gari aka yi ruwa kwana bakwai ba ɗaukewa, har wutar kowa ta mutu, sai ta wata mata guda. Gari ya taru a ƙofarta. Ta fara ba wata tsohuwa gurguwa garwashi ɗaya, ta juyo ta dubi murhu, sai ta ga kamar ya rage. Gabanta ya faɗi, don ɗiyarta na da tsohon ciki, in ta haihu da me za a dafa ruwan wanka? Sai ta ce wa sauran mutane wuta ta mutu. Ta kifa tukunya bisa garwashin, ta kwaɓa laka ta liƙe bakin, ta hau kai ta zauna tana gadi.

"Kwana ukku tana zamne," in ji Iya Dije, "ko ƙuda bai gitta ba. Ku gaya mani, akwai mai tsaro irin nata?"

Muka ce babu.

"To, ɗiya ta haihu. Tac ce a kawo itace. Ta ɗaga tukunya, mi ta ishe? Gawayi, sanyi ƙalau!"

Sai ga mai wuta da tsingaro tana bin gida gida, jariri na kuka a ɗaki. Ba ta samu ba sai a bukkar gurguwar nan.

"Baƙuwa ta tashi, a naɗe tabarma," in ji Iya Dije. Lanti ta kwashi garwashinta tana dariya ta fita. Kafin mu shiga ɗaki Iya ta kira ni ta nuna mini yadda ake kwantar da wuta: a barbaɗa toka kaɗan, a sa kara a huda tsakiya. Ta ce, "Wuta na da hanci, Kulu. Ki ruhe ta, amma ki bar mata inda za ta shaƙa."

Ni a tatsuniyar rowa na ɗauke ta. Da yake ban taɓa hana kowa abinci ba, sai na ce ba da ni ake ba. Haka na yi ta zama har furfura ta cika mini kai.

Yanzu ina Damba, a Gusau, ni da jikata Nafisa, wadda na goya tun rasuwar uwarta. Kafin ɗana Kabiru, mahaifinta, ya koma wurin aikinsa a kudu, ya sayo mata kwamfuta irin wadda ake ninkewa, ya kuma sa aka kafa mana intanet mai ƙarfi, da wata 'yar farar na'ura mai ƙaho biyu. Ban so abin ba da farko, amma ba zan yi ƙarya ba, na ga amfaninsa. Yaya Balki tana Tsafe, ƙafa ta hana ta tafiya, hanya kuma kowa ya san yadda take yanzu. Shekara biyu ban sa ta a ido ba, sai ga ta a gilashi tana yi mini gori wai haƙorana sun zube. Tafsiri ina ji ba yankewa. Nafisa kuma a nan ta yi ta karatunta na ungozoma, malamin yana wani gari yana magana kamar yana falo.

Sai na lura samari sun fara zama jikin katangarmu, kowa da waya a hannu. Na ce lallai intanet ɗinmu suke zuƙa. Na ɗauki farar na'urar na sa a akwatin aurena na ƙarfe, na bi da wayar wutarta ta wata kafa da tsatsa ta ci, na datse da kwaɗo. Kwamfutar kuma na hana a fito da ita falo inda baƙi za su gani. Na ce a uwar ɗaka za a riƙa aiki da ita, bisa katifa, na ninke bargo na sa mata a ƙasa don kada ta ƙuje. Nafisa ta ce, "Inna, ai ba a..." Na ce, "Ke kika haife ni?" A gidana in na yi magana ba a maimaitawa.

Tun daga nan abu ya lalace. Hoto ya riƙa daskarewa, kwamfuta ta riƙa huci kamar mai zazzaɓi, can sai ta mutu da kanta. Na ce kayan zamani ne, ba su da ƙarko.

Ana haka wani asibitin koyarwa ya kira Nafisa ganawa ta bidiyo, za su ɗauki ma'aikata. Ana tsakiyar tambayoyi kwamfuta ta ɗauke. Suka yi mata uzuri, suka sa wata rana, suka ce in ta sake yankewa za su ba wata.

Ana gobe ganawar, da la'asar, sai ga ta ta shigo da maƙwabciyarmu Maman Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna, wadda ke aikin kwamfuta a sakatariya. Na san dabara ce, ta kawo wadda ba zan iya daka wa tsawa ba.

Maman Rifkatu ta sa hannu a ƙarƙashin kwamfutar ta janye da sauri. "Inna! Ƙosai kike toyawa a nan?" Ta juya ta, ta nuna mini wasu 'yan ramuka da gashin bargo ya toshe. "Ta nan take shan iska. A tebur ake aje ta, ba a katifa ba." Ta sa buroshi ta share, ta goge tarkacen wasanni da finafinan da suka cika mata ciki, ta rufe wasu abubuwa da ke tashi da kansu. Ta ce da safe a kunna ta da wuri, in tana da abin sabuntawa ta gama kafin lokaci. Sannan ta ce, "To, ina na'urar intanet ɗin?"

Nafisa ta dubi akwatin, ta dubi ƙasa.

Maman Rifkatu ta yi dariya har da riƙe ciki. "Inna, kin yi mata ɗaurin rai da rai? Ƙarfe ai ba ya barin sabis ya fita. Su samarin nan kuma inuwar darbejiya suke bi, ba mai lambar sirrinku."

Na ce, "Na ji. Ki gaida gida."

Ban buɗe ba. Likkafanina na cikin akwatin nan, ba na buɗe shi gaban baƙo, ga kuma kunyar a ce yarinya ta gyara mini. Nafisa ta raka Maman Rifkatu ƙofa ta dawo. Ta kawo mini ruwan alwalar magariba, na ga idonta ya yi ja.

Ina kan dardumar sallah muryar Iya Dije ta dawo mini, kamar tana bisa turminta: akwai mai tsaro irin nata? Sai a ranar na gane matar tatsuniyar nan ba marowaciya ba ce. Tsoro ne ya ci ta. Son wutar take, son ɗiyarta take, kuma da hannunta ta kashe abin da za ta ceci ɗiyar da shi. Duk shekarun nan dariya nake mata, ashe tare muke zaune bisa tukunya ɗaya. Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ranar da ganawar farko ta yanke, wani sashe na zuciyata ya yi sanyi. In suka ɗauki Nafisa za ta bar garin, a bar ni da bango. Na yi istigfari. Uwarta ba don ta taya ni zama ta bar mini ita ba.

Da asuba, ina idar da sallah, na kwance makullin daga bakin zanena. Na fito da na'urar, na goge ta, na taka kujera da wannan gwiwar tawa na ɗora ta bisa kabad a falo, inda duk mai shigowa zai gani. Na jawo tebur kusa da taga. Na leƙa ɗaki na ce, "Ke, tashi ki kunna abinki, an ce da wuri."

Da lokaci ya yi na ɗauki kujera da sandata na zauna a ƙofar gida. Mai nono ta zo na ce ta wuce. Wata aminiyata ta taho tun daga Wonaka gaisuwa, na ce, "Hajiya, zamna nan kusa da ni, kuma kada ki yi tari." Muka zauna muna kallon titi kamar kurame. Daga ciki muryar Nafisa na fitowa, tana ta Turanci, ban ji ko kalma ɗaya ba. Abin da nake saurare kawai kada ta tsaya. Ba ta tsaya ba, sai da na ji ta yi musu godiya.