Dattijo Mai Kwalbar Jan Ruwa

A filin da ke bakin Birni, inda ɗan takarar majalisar gari yake mitin, akwai wani dattijo da bai tafa hannu ba ko sau ɗaya. Dogo ne siriri, ƙafafunsa furu-furu, irin na wanda ya tako daga wajen Gaffati tun asuba. Yana rungume da kwalbar roba. Ruwan cikinta ja ne, kuma duk sa'ad da lasifika ta ambaci alkawarin haƙa rijiya, sai ya girgiza kwalbar ya ɗaga ta sama, don kada laka ta kwanta ruwan ya yi kama da abin sha.

Ina zaton abin da ƙauyensu ke sha ke nan. Ina kuma zaton ya bar wani kwance a gida, domin mutum ba ya tako wannan nisa saboda kallon makaɗa.

Da ya matsa kusa da rumfar manya, mai tsaro ya tare shi.

"Baba, ina zuwa?"

"So nake Alhaji ya kurɓa, ɗana. Kurɓi ɗaya kawai."

"Alhaji ba ya jin ƙishi. Ungo naka."

Ya miƙa masa ruwan leda mai sanyi, cikin wanda ake raba wa jama'a.

Yanzu motoci sun tashi. Leɓɓan dattijon a bushe suke, amma bai fasa ledar ba. Yana ta duban yadda haske ke ratsa ta. Sa'an nan ya naɗe ta a gefen rawaninsa, a hankali, ya kama hanyar gida.