Ƙodata Ta Kumbura, Ta Yaya Isuhu Ta Yi Fari

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Isuhu. Ni aka kai Maradi a kwance, shi ya raka ni da ƙafarsa. Ni na tashi, shi ya mutu.

Mahauci ne ni a kasuwar Dakoro, kamar babanmu. Ni ke fiɗa, Yaya Isuhu ke gasa tsire. A ƙarshen bazarar waccan shekara na je Azagor sayen tumaki, amai da gudawa suka kama ni kwana uku. Da na dawo gida fitsari ya ɗauke. Kwana biyu ko ɗigo. Yaya ne ya saka ni a mota.

A asibiti aka kai ni ɗakin eko. Ana shafa wa mutum wani abu mai sanyi a kwiɓi, a goga na'ura, cikinsa ya fito a gilashi. Likitar mace ce, Hausarta kaɗan, majo, wato babban nas, shi ke fassara. Da ta gama da ni sai ta tsaya tana kallon ƙafafun Yaya. Sun daɗe da ɗan kumburi, mu muna cewa tsayuwar tukuba ce. Ta sa ya kwanta. Ya ce, "Madam, ni rakiya na zo." Ta goga masa duk da haka, aka kuma ɗebi jininmu mu biyu.

Majo ya ce, "Sani, taka ta kumbura, ta yi duhu. Isuhu, taka ta ƙanƙance, ta yi fari."

Na fi shekara ashirin ina fiɗa. Ƙodar da ta kumbura ta yi duhu, kare nake jefa wa. Kuma tun da aka haife ni ban ji an kira fari a wurin sharri ba. Majo ya ci gaba da magana, ban saurara ba. A ganina an riga an yi mini sallama.

Na kama hannun Yaya na ce, "Taka lafiya lau. Ni na san ƙoda. Ka riƙe mini yara."

Ya ce, "Kai dai yi fitsari tukuna, sannan mu yi maganar gado."

Aka yi ta ɗura mini ruwa. Rana ta biyar fitsari ya zo. Yaya ya ɗauki robar fitsarin yana zagaya ɗakin marasa lafiya da ita, yana cewa, "Jama'a, a yi mana barka, ƙanena ya sauka lafiya!" Har tsohon da ke gadon ƙarshe, wanda ba ya magana, sai da ya yi dariya.

Sai labari ya zo cewa ruwa ya sauka a gida. Ni na ce masa ya koma ya yi shuka, tunda shi ba abin da ke damunsa. Ni na faɗa, da bakina. Ya koma. Bayan wata tara ya rasu, yana amai, yana susar jiki, fuskarsa ta cika.

Bayan sadakar arba'in matarsa Hadiza ta sami takarda a aljihun babbar rigarsa, da hoton eko a ciki. Na hau mota na kai wa majo. Ya ce kumburin nan nawa alamar sabon ciwo ne, naman ƙodar yana nan da kaurinsa, ruwa ne ya ƙare mata, shi ya sa ta farfaɗo. Ta Yaya kuwa hawan jini ya yi shekaru yana cin ta a hankali, namanta ya sirance, farin nan tabo ne. A nan na gane. Na san tabo, ba ya komawa nama.

Majo ya ce, "A gabanka na faɗa, Malam Sani. Na ce ya tafi Yamai a fara yi masa wankin ƙoda. Takardar ke nan."

Abin da na kasa warwarewa har yau shi ne ko Yaya ya ji. Ya yi lakwal, makarantar boko, shekara uku, yana tsintar Faransanci, kunnensa ya fi nawa. Amma Hadiza ta ce da ya shigo gida cewa ya yi, "Sani ya ce tawa lafiya lau." Ko ya sani ne ya ɓoye mata, ya fake da sunana? Ko kuwa ya ajiye maganar likita ya ɗauki tawa, don ni ne mai wuƙa? In na tuna yadda yake dariya da robar nan, sai in ce bai sani ba. In na tuna ya ninke takardar sau huɗu ya sa ta a rigar sallah, sai in ce ya sani. Majo ya ce ko ya tafi ƙodar ba za ta dawo ba, sai dai a ƙara masa kwana in Allah ya so. Liman ya ce wa'adi ne. Duka na yarda. Bai hana ni tambaya ba.

Yanzu mata masu ciki suna zuwa eko kamar zuwa kasuwa. Da Yaya yana nan da ya ce an daina sirri, har ɗan tayi ana ɗaukarsa hoto. Masu sayen tsire har yau "wurin Isuhu" suke kiran tukubar, ko da yake wani ke tsaye a kanta. Bai bar wani abin duniya ba, sai ƴaƴa huɗu da mutane masu maimaita barkwancinsa.

Babbarsu Habsatu ta haihu watan jiya, jininta ya hau ya ƙi sauka, ƙafafunta sun cika. Mijinta ya ce jego ne. Na ce mata ta ɗauko mayafinta mu tafi Maradi. Na riga na gaya wa mai fassara kada ya ambata mini launi ko girma, ya ce mini sabo ko tsoho kawai, kuma ya faɗa sau biyu.

Ina Maradi yau kwana biyu, a benci, bakin ɗakin eko. Ba a kira mu ba tukuna.