Saniya Mai Ƙafa Biyar

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, maigidana ya ce za a ƙara ɗaki a gidanmu na Kagarawal. Shi yana aiki a wurin gurzar auduga, ni kuma ina koyar da 'yan aji ɗaya a firamare. Magina suka jibge jar ƙasa a tsakar gida. Kullum sai su kwaɓa, abin da ya rage su tafi su bar shi da danshinsa. Nan ɗanmu ya samu wurin zama.

Bai cika shekara uku ba a lokacin. Ɗan fari ne, ga shi mai sunan surukina, don haka ba na kiran sunansa, "kai" kawai nake cewa. Shi kuma Adda yake ce mini, yadda ya ji ƙannen babansa suna faɗa. Da rana yana hannun kakarsa, uwar maigidana, Bafulatana da muke kira Dada. A bakinta ya koyi cewa "nagge" maimakon saniya.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar ya jera wasu dunƙule-dunƙulen laka a gindin randa. Ya ja zanina.

"Adda, nagge."

Na tsuguna na duba. Ɗaya ba ta da kai, ya ce barci take yi. Ɗaya cikinta ya fi komai girma, ya ce tuwo ta ci. Babbar cikinsu ƙafa biyar gare ta, ƙahonta kuma a gadon baya. Yana ta zuba mini labarinsu, rabi Hausa rabi Fulatanci, yawu na zuba a ƙirjinsa.

A kwalejin horon malamai an koya mana cewa in yaro ya nuna sha'awar aikin hannu, a ƙarfafa masa. Da wannan niyyar na zauna. Sai da na leƙa na ga Dada tana salla, don ina kunyar ta gan ni ina wasa da ɗan fari.

"Kawo in nuna maka," na ce. "Saniya ƙafa huɗu gare ta."

Na cire ta biyar ɗin, na mayar mata da ƙahon a kai. Daga nan hannuna ya zarce. Na gutsuro laka na gina tawa, da tozo da kunnuwa, na yi mata wutsiya da zaren buhu. Shi kuwa yana ta kallo. Dada ta idar ta fito, ta juya ta a tafin hannu ta ce, "Wannan kam saura ta tashi ta yi tafiya." Da yamma maigidana ya ɗora ta a kan sabuwar rediyonsa. Na ji daɗi, ban ma lura da inda yaron yake ba.

Washegari ya tarbe ni a zaure da curin laka.

"Adda, yi."

"Kai ka yi mana."

"Ban iya ba."

Ban taɓa jin wannan maganar a bakinsa ba sai ranar. Na duba gindin randa, babu shanunsa ko ɗaya. Dada ta ce tun da safe ya kwashe su ya mayar cikin kwaɓin magina.

Na shiga gari na sayo masa laka mai launi ta kanti, irin wadda 'ya'yan GRA ke wasa da ita. Ya shinshina, ya miƙo mini. Na sake dabara, na zauna na gina wata mummuna da gangan, na jera mata ƙafafu har ta koma kamar gizo-gizo, na ce, "Ga tawa." Ya karɓa ya duba. Sai ya fara cire ƙafafun ɗaya bayan ɗaya.

"Huɗu," ya ce, ya ba ni.

Ranar ban iya cin abinci ba. Da na gaya wa maigidana, dariya ya yi ya ce, "Malama ke nan. Yaro ne, gobe ya manta." Dada ta ce, "To ai gaskiya kika gaya masa, ina laifi?" Da wani ya yi mini faɗa, da na fi samun sauƙi. A aji ma sai na riƙa kama kaina: yaro ya fara zane a allonsa, kafin ya kai ƙarshe na riga na dafa hannunsa.

Magina suka gama, aka yi rufi da kwano, aka share tsakar gida.

Da damina ta sauka sai ya koma kiɗa. Ya kife gwangwanayen madara a ƙofar sabon ɗakin, yana dukansu da muciya, yana rera wata waƙa tasa game da akuyar maƙwabta da ta shiga mota. Ina daga madafa ina tsintar shinkafa, na ƙudurta ko leƙowa ba zan yi ba. Sai na ji kiɗan ya tsaya. Ga shi a bakin ƙofa da muciyarsa.

"Adda, haka ne?"

Dada na zaune kusa tana kaɗi, amma ban damu da ta ji ba. Na ce, "Haka ne. Sake mini in ji."

Ya kwaso gwangwanayen ya dawo da su gabana, ya sake daga farko. Muryarsa ta yi ƙasa. Duk inda ya kai gaɓa sai ya ɗago ya dubi fuskata kafin ya ci gaba. Na sunkuyar da kai cikin faifai ina gyaɗa masa, har ya kai ƙarshe.