Ranar da Hajja ta kwanta a kan maɓallin winshi

Ku da kuka fara aiki da mu a tashar jiragen ruwa ta Abhur kwanan nan, kuna ta tambaya me ya sa nake ɗaga katifar ɗakin gaba kafin jirgi ya tashi. To ga dalili. Akwai wata Juma'a bayan Babbar Sallar bara da ban taɓa mantawa da ita ba. Lokacin 'yata Maryama ko zama ba ta fara ba.

Bari in fara da yadda jirgin yake. A sama akwai mai shi, Abu Rakan, ɗan kasuwa. Sai rayyis, wato mai tuƙi, Ammu Usman, dattijo Bahaushen Sudan. Sai ni can ƙasa: shara, wanke-wanke, da kai wa mata gahawa, tunda namiji ba ya shiga ɗakinsu.

A goshin jirgi akwai injin lantarki da ake ce wa winshi. Shi yake naɗo sarƙar anga, ƙarfen nan da ake jefawa ƙasan teku ya riƙe jirgi. Da ƙafa ake taka shi. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba a jan jirgi da shi. Rayyis ne yake tura jirgin a hankali zuwa saman anga, winshi kuwa ya tattara sarƙar da ta saki. In an matsa masa, akwai wani maɓalli a ciki da yake yanke wutar da kansa, kada injin ya ƙone.

Ranar na bar Maryama wurin maƙwabciyata a unguwarmu ta Nuzla, Inna Saudatu. Ita aikin raba gahawa take yi a gidajen biki, ana yin magariba mota take zuwa ɗaukarta. Maigidana yana kan hanyar Yanbu da babbar mota. Yarinyar kuma ba ta karɓar komai sai nono. Inna ta ce, "Zulai, kafin magariba fa. Ba ni da wanda zan bar wa ita."

Muka fita teku da Abu Rakan da iyalinsa da baƙinsa, aka jefa anga. Bayan la'asar aka ce a koma. Sai Abu Rakan ya ga dama ta samu ya nuna wa baƙinsa shi ma ɗan teku ne. Ya tattare taubu, doguwar rigar nan tasu, ya je ya taka winshi. Ammu Usman ya ɗaga murya, "Ya Abu Rakan, jira in matso da jirgin!" Abu Rakan ya yi masa hannu irin na korar ƙuda. Ashe anga ta maƙale a dutsen murjani. Sarƙa ta miƙe, winshi ya yi ta gurnani, mutumin yana ƙara danna ƙafa yana yi wa kyamarar waya murmushi. Sai ji muka yi ƙas! Shiru.

Nan fa kowa ya zama injiniya. Wani ya ce batir ne. Wani ya buɗe bidiyo da yaren da babu mai ji a cikinsu, suka taru suna gyaɗa kai. Wani mai tumbi ya ce gishiri ne, ya tsiyaya wa winshin lemon kwalba. Da bai tashi ba, ya bi shi da takalmi.

Ammu Usman dai ya bi abu daki-daki. Ya duba batir, lafiya. Ya buɗe matakin ƙafa, lafiya. Ya shinshina injin, bai ji ƙauri ba. Ya ce, "Halas, shi ke nan, maɓallin ne ya faɗi. A ɗaga shi kawai."

Abu Rakan ya ce, "Yalla, ɗaga shi mana!"

"Yana ƙarƙashin gadon ɗakin gaba."

A kan gadon nan kuwa Hajja ce, mahaifiyar Abu Rakan, kwance tun azahar. Mutumin da in ya yi tsawa duk ma'aikatan tasha sai sun miƙe, sai ga shi yana raɗa: "La, la, la. Ummi tana barci." Ya aika wa matarsa ta je ta tashe ta. Ta ce ita ba ta gaji da aurenta ba tukuna.

Sai suka yanke shawarar maza: a ja sarƙa da hannu. Manyan mutane cikin fararen kaya, sun jeru suna nishi, tsatsa har haɓa. Mai tumbin nan ya riƙe ƙugu ya koma gefe yana kiran sunan likitansa. Anga ko motsi.

Ni dariya ba ta zo mini ba. Rana ta yi ja. Inna Saudatu ta kira, ban ma ji abin da take faɗa ba saboda kukan Maryama. Ina kashe wayar na ji gaban rigata ya jiƙe da ruwan nono.

Ammu Usman ya wuce ta kusa da ni kamar mai neman igiya, ya ce da Hausa, "'Yata, ni ban aike ki ba. Amma maɓallin ja ne, yana hagu, sama ake tura shi."

"Ammu, in aka kore ni fa?"

"In aka kore ki, ni ban taɓa jin Hausa ba."

Na shiga ɗakin. Na durƙusa na ce, "Ya Hajja, ki yafe ni..."

Ko ido ba ta buɗe ba ta ce, "Wa ya ce miki barci nake? Tun azahar cikina yake juyawa, ina roƙon Allah a kai ni tudu. Me jakunan nan suke jira?"

Na gaya mata. Ta buɗe ido, ta kalli rigata, ta daɗe tana kallo.

"Ya binti, 'yata, jariri gare ki?"

"E, Hajja."

"To kama ni in tashi."

Da hannunta ta taya ni ɗaga katifar. Ni da nake tsoron ko wayar dutsen guga, na naɗe hannu da tsumma, na yi bisimilla na tura. Hajja ta buɗe tagar saman ɗakin, wadda take daidai ƙafar ɗanta, ta kira shi da sunan yarinta a gaban baƙinsa: "Hammudi! Ɗauke ƙafarka daga kayan aikin mutane!"

Rayyis ya matsa da jirgi gaba, ya ɗan karkata, anga ta saki. Winshi ya naɗe sarƙarsa lafiya lau, yana ɗanƙon lemo.

Direban Hajja ne ya kai ni har Nuzla. Na tarar da Inna Saudatu a bakin ƙofa cikin abaya, mota tana yi mata hon, Maryama a kafaɗarta murya ta dishe. Ta miƙo mini ita ta ce, "Karɓi abarki, matar teku. Saura kaɗan ta fara raba gahawa." A kan matakalar nan na zauna na ba ta nono.

Mako na zagayowa na ji Abu Rakan yana gaya wa wasu baƙi yadda ya gano matsalar tun daga ƙarar injin.

Saboda haka ku riƙe wannan. In an dawo, a wanke winshi da sarƙa da ruwan daɗi, gishiri yana cin su. Man shafawa aikin rayyis ne. Ku san inda maɓallin yake, kada ku tara kaya a kansa. In kuma kun ga manya suna tafiya da sanɗa suna cewa kada a tashi wance, ku da kuke shiga ɗakin ku leƙa ku tambaye ta. Su ba za su tambaya ba, gara su karya ƙugu. Kuma ba nasu ɗan ne yake kuka a Nuzla ba.