Jan Layi a Hammatar Riga

Auta, 'yata ta ƙarshe, tela ce, amma ba ta riƙe allura. Tufafi take yi wa mutanen cikin kwamfuta, waɗanda matasa ke shiga jikinsu su yi yawo da rawa a wata duniya da babu ita sai a allo. Ni tsohon direba ne, karatuna bai yi nisa ba, amma tun da na ajiye mota kujerata tana bayan tata, na ga yadda ake yi.

A shimfiɗe take zana riga, gaba daban, baya daban, kamar yadin da aka yanka, sannan na'ura ta naɗa ta a jikin mutumin. Duk inda ɗinki ya bi sai ta ja siririn duhu a ƙasansa, ta ɗora ɗan haske a sama, har ka rantse zare ne. Inda gaba da baya za su haɗu kuwa, takan zarce da launin ya ɗan wuce bakin yanka, don kada tsaga ta fito.

Tare suka koyi aikin da Dogo, ɗan ƙanwata, tare suka buɗe shago a can ciki. Ita zane, shi talla. Da zazzaɓi ya kwantar da ita asibiti, sai Dogo ya canza kalmar sirrin shagon, ya goge sunanta, ya gaya wa masu saye duk aikin hannunsa ne.

Na ce bari in kira shi mu zauna.

Ta ce, "Baba, ka bar ni da shi. Ba a zaune ya cire sunana ba."

Auta tun tana yarinya ba ta kuka in an cuce ta, ido kawai take sa maka. Haka ta sa wa shagon ido. Ba a daɗe ba Dogo ya ɗauko wata jar riga da ta zana, ya mayar da ita koriya, wai sabon yayi. Cikin yankan kaɗai ya canza, ya bar gefen nan da ta zarce da shi ja yadda yake. In mutum ya sauke hannu, lafiya lau. Ya ɗaga kuwa, sai jan layi daga hammata har ƙugu, kamar an tsaga shi da wuƙa.

Ranar da rigar ta fito ta gani, ta bar shi ya yi ta sayarwa. Sai da aka sa ranar wata babbar rawa a can ciki, masu saye suka yi dafifi, sannan ta sayi guda, ta sa wa mutuniyarta ta cikin kwamfuta, ta tsayar da ita a ƙofar shagon, hannu sama, tana juyawa a hankali. Duk wanda ya saya ya ɗaga nasa hannun ya duba. Kafin la'asar an cika shagon da zagi.

Washegari ƙanwata ta faɗo mana ko sallamar kirki babu.

"Yaya, kana zaune 'yarka na tozarta ɗan'uwanta?"

Auta ta ce, "Gwaggo, tsayuwa kawai nake yi. Ai shi ya ɗinka, ya gyara mana."

"Ki sauke hannun nan, don Allah!"

"Ba nawa ba ne, ba ya gajiya."

Dogo ya gwada gyarawa, ya shafe gefen gaba ɗaya, inuwar ɗinkin ta tafi, rigar ta koma kamar leda. Da kansa ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya faɗi kalmar sirrin. A gabansa ta canza ta, ta goge sunansa harafi bayan harafi, ta rubuta nata.

Ya ce, "To ni fa, Auta?"

Ta ce, "Kai wa?"

Ta gyara wa duk wanda ya saya rigarsa. Shagon nata ne ita kaɗai har yau. Ƙanwata ta daina zuwa gidan nan, ni nake zuwa gaishe ta.